Bokitin da Baba bai shura ba

Malamin da ya koya mana Turanci a makarantar kwana ta Gwarzo mutumin Kabo ne, a kan wata tsohuwar Besfa yake zuwa. Ba shi da buri a duniya da ya wuce ya cusa mana salon maganar Turawa, irin wadda ake faɗin abu ana nufin wani. Shi a wurinsa wannan ne gishirin Turanci, duk rubutun da babu shi lami ne.

Hadda yake sa mu yi, kamar a makarantar allo. Ya faɗa mu amsa muna rangaji: raining cats and dogs, ruwa kamar da bakin ƙwarya, once in a blue moon, jefi-jefi, kick the bucket, mutuwa. Ma'ana kam mun haddace. Amma a ina ake faɗa, wa ake faɗa wa, da wace fuska, wannan bai taɓa shigowa darasi ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A shekarar da damina ta yi gardama, gero ya bushe a tsaye daga Kara har garinmu Lakwaya, mu muna aji muna ta zubo karnuka da kyanwoyi daga sama.

A shekarar ce Baba ya rasu. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, makaranta ta daina ba mu ko sabulu, komai sai daga gida. Baffa, ƙanen Baba, bai yi wani kwana-kwana ba, ya ce in zangon ya ƙare in tattaro akwatina in dawo gona.

Ana cikin haka aka kawo sanarwar gasar rubutu. Kowace makaranta za ta aika da guda ɗaya Kano, wanda ya ci a ɗauke masa nauyin karatu har ya gama. Na zauna na rubuta yadda Baba ya sayar da san nomansa, yadda ya kwanta, da yadda aka ɗauke shi da hantsi. Da ɗan Turancin da nake da shi na rubuta, ban yi masa ado ba. Malam ya karanta ya ce nawa za a aika, amma sai ya ɗan sa masa gishiri.

Ɗan gishiri! Da takardar ta dawo, jan biro ya cinye ta. Ranar jana'izar, da rana ta kusa narka mutane, Malam ya saukar mata da karnuka da kyanwoyinsa. Tuwon da muke ci ya koma sai shuɗin wata ya fito. Duk na haɗiye. Sai na iso inda na rubuta cewa mahaifina ya rasu. Ya soke, ya rubuta a sama: my father kicked the bucket, wato wai Baba ya shuri bokiti.

Ni kuwa na taɓa jin wannan magana a bakin mai ita. Malaminmu na kimiyya mutumin Gana ne, da Turanci ya tashi. Ranar da aka tsinci mushen ɓera a bayan kabad, shi ya ɗaga shi da wutsiya ya faɗe ta, yana ƙyalƙyala dariya. Da na tambaye shi, ya ce maganar barkwanci ce, ba a yi wa wanda ake ƙauna.

Na sami Malam a gindin darbejiya yana goge Besfa. Na durƙusa, muka gaisa, na ce, “Malam, duk zan kwafe, amma a bar mini layin nan yadda yake.”

“Kai ne malamin ko ni? Me ka haddace? Ba mutuwa ba ce ma'anarta?”

“Ita ce, Malam. Amma ɓera na ji an faɗa wa.”

“To masu dubawa a Kano ruwansu da ɓera? Gishiri suke nema! Wannan layin ma shi ya fi ko'ina armashi.”

Abin da ya fi ba ni haushi, ba mugunta yake yi ba. Mutumin nan har Lakwaya ya je mana ta'aziyya, ya zauna a tabarma ya yi addu'a mai tsawo. Shi dai tsakaninsa da Allah gani yake ya yi wa Baba kwalliya.

Na kwafe komai da hannuna, har karnukan, na bar layina yadda yake. Ya duba, ya ce taurin kai ba ya cin gasa, ya aika da na wani yaro da ya jera salon magana tun daga gaisuwa har sa hannu.

Da zangon ya ƙare na koma gida da akwatina. Inna tana tankaɗe a tsakar gida ta tambaye ni labarin gasar da na yi ta cika mata baki a kai. Na zayyana mata komai, har ɓeran, ina jiran ta sa mini albarka.

Ta ajiye rariya ta dube ni.

“Yanzu a kan bokiti ka dawo mini gida?”

“Inna, Baba fa aka ce ya shura.”

“Uban naka da ya sayar da sansa don kada a koro ka? Wallahi in dai karatunka ne, ba bokiti ba, ko randa aka ajiye masa sai ya shura.”

Ta ja gefen zane ta share ido, ta ci gaba da tankaɗe. Washegari da sassafe Baffa ya aiko mini da fartanyar Baba.