Ɗakin da turmi ya tona wa asiri

Matso kusa ƴar'uwa, ki ji wata magana da na daɗe ina haɗiyewa.

Shekarun baya, da muka taso daga Dawce muka dawo Matameye, maigidana ya kama mana haya, ciki da falo, sabon siminti, sabon fenti, har da pampo a tsakar gida. Ni da na saba da daɓen ƙasa, ranar farko tun daga zaure na cire takalmi na riƙe a hannu kamar mai shiga masallaci. Fura nake yi ta sayarwa, kuma kafin wata biyu matan unguwa sun san ƙofata.

Ruwan farko na sauka, wari ya taso a uwar ɗaki. Ba mai ƙarfi ba ne da fari, irin wanda za ki tsaya ki ce ko hancina ne. Na ce ɓera ne ya mutu. Na janye gado, na zazzage akwati, na shanya katifa. Babu ɓera. Na wanke simintin da ruwan jabel, maganin wankin nan mai ƙarfi, har fatar hannuna ta sale. Na sayi turaren wuta mai tsada, irin na matan Barebari, ina banka shi safe da yamma. In ba ki taɓa jin turare ya haɗu da ɗoyi ba, kada Allah ya nuna miki.

Ni kuwa Allah ya yi ni da kunne. Ban yi karatun lakwal mai nisa ba, amma magana ko ta bayan katanga ce sai ta same ni. Ina tankaɗe na ji maƙwabciyata tana ce wa wata, "Ki daina aikawa ana sayo miki furar can. Ƴar ƙauye ce, ina ta san zaman siminti? Wa ya sani ko a ɗaki take yi." Suka yi dariya. Ranar furata ta kwana, washegari ta yi tsami, na ba awaki.

Surukata ta zo daga ƙauye. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe hanci, ta ce, "Ɗiyata, mace ba da turare ake gane ta ba, da tsintsiya ne." Na ce, "Inna, wallahi ina sharewa." Ta ce, "To, ɗakin ne ke yi miki ƙarya."

Na matsa wa maigidana ya je wurin Alhajin da ke da gidan. Da ya dawo sai ya zauna yana kallon ƙafarsa. Na ce me ya ce? Ya ce, "Cewa ya yi gidansa ba ya wari, kowa da warinsa yake zuwa." Ba maganar Alhaji ce ta ƙona ni ba. Yadda mijina ya maimaita ta ne, a hankali, kamar mai tunanin ko akwai gaskiya a ciki. Daga nan ya koma cin tuwonsa a zaure.

Wata rana da hantsi aka kece da ruwa ina tsakiyar daka, sai na mirgina turmi zuwa uwar ɗaki. A bakin ƙofa taɓarya tana amsawa yadda na saba ji. Feshi ya dame ni, na matsa lungu, wajen kan gado. Sauka ɗaya na tsaya. Ƙarar ba ta ƙasa ba ce, irin ta tulun da babu ruwa ce. Na dinga jan turmin taki ɗaya-ɗaya, ina bugawa, ina saurare, ina zanawa da gawayi. Da na gama, zanen ya zagayo ya haɗe.

Maigidana ya duba ya ce, "Ke dai kunnenki ya yi yawa." Na yafa mayafi na kira wani tsohon magini da ke bayan layinmu. Ko durƙusawa bai yi ba. Ya dubi zanen ya ce, "Yarinya, ni na haƙa ta da hannuna. Tsohuwar shadda ce. Da za a yi ɗakin na ce a cike ta da ƙasa, Alhaji ya ce a jera itace da kwano a zuba siminti, masu haya na jira."

A kanta nake ɗora kaina. A gefenta nake shimfiɗa darduma in kai goshina ƙasa, damina guda cur.

Da aka gaya wa Alhaji, cewa ya yi, "Ai ba ku rufta ba, ku gode wa Allah." Muka tashi a satin. Surukata ta ce dama ita tun farko gidan bai kwanta mata ba. Maigidana ya ce Allah ya kyauta, ya koma cin tuwo a ɗaki, shi ke nan haƙurin da na samu. Furar kuwa ban sake yi ba. Wa zai bi gida-gida yana cewa ku dawo, ba ita ba ce?

Bayan tashinmu aka sake fenti, aka saka wata amarya. Na ce zan je in faɗa mata. Maigidana ya ce a gari ɗaya muke da Alhaji, ba a tona wa babba asiri. Na zauna. Da damina ta zagayo, a gidan suna na ji mata suna cewa amaryar nan kyakkyawa ce amma ƙazama. Ina zaune a tsakiyarsu, ƙwarya a hannuna, na san gaskiya tun daga tushe, na sha kununa na yi shiru.

An rushe ɗakin tuni, yarinyar ma ban san inda take ba. Na yafe wa masu dariya, ko ba su nema ba. Shirun nan nawa ne na kasa yafewa. Ke da ke ce a wurina, da kin bi maganar miji, ko da kin je kin buga mata ƙofa?