Tanti Zali ta tafi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin aji yau da safe a Malbaza wayata ta yi ƙara. Ɗiyar Tanti Zali ce ta kira daga Konni, ta ce Allah ya yi wa mahaifiyarta rasuwa.

Na sallami 'yan lakwal, na zauna.

Wanda bai santa ba, Hajiya Zalika ce, shugabar kwamitin bikin al'adu da muke yi bayan kaka. Kafin nan ta daɗe tana waƙa da orkes, wato makaɗan zamani, a otel-otel da gidajen rawa na Yamai, da Hausa da Faransanci. Ba ta taɓa ɓoye wannan ba.

Ranar zamanmu na farko a kwamiti, wani dattijo ya miƙe ya ce shi ba zai zauna ƙarƙashin matar da ta yi waƙa a bar ba. Kowa ya sunkuyar da kai. Na ɗauka bikin ya watse tun bai fara ba.

Ita ko murya ba ta ɗaga ba.

"Gaskiya kac ce, Alhaji. Na yi waƙa a bar, da ita na riƙe ƙannena hat suka gama lakwal. To, yanzu rumfa: wa za shi kawo muna tabarmi?"

Ya fita. Bayan sati ta ji ƙafa ta kwantar da shi, ta je har gida dubiya. Bai dawo kwamiti ba, amma ya aiko da tabarmi.

Shekarar da matan Tajaye suka zo da kiɗan ƙwarya, mun sa su da rana tsaka, lokacin da fili ba kowa. Ta duba tsarin ta soke. Ta mayar da su bayan la'asar, gaban manyan baƙi. Tsohuwar da ke ba da waƙa ba ta saba da mikro ba, sai kauce masa take yi. Tanti ta cire takalmi, ta durƙusa cikin yashi da leshinta, ta riƙe mata shi har aka gama.

Ni kuwa lokacin da na haihu, ita ta hana a kira ni buro, wato ofishin kwamiti. Aikina duka ta ɗauka, ba ta gaya mini ba.

Ganina da ita na ƙarshe bayan ƙaramar Salla ne, a tsakar gidanta. An yi mata aiki a maƙogwaro, murya ta tafi, sai raɗa. Ta ce in rera mata wata tsohuwar waƙarta. Na ce, "Tanti, ni da muryar nan?" Ta harare ni. Na fara, ita kuma tana buga mini gwiwa da yatsa don na cika sauri. Muka yi ta dariya har tari ya sarƙe ta.

Da zan tafi ta jawo kunnena.

"In na riga ku, kak ku ɗaga bikin bana. Mutane sun yi shiri."

Ba za mu ɗaga ba, Tanti, in Allah ya yarda.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya ba ɗiyanki haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ta cikin addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ɗaya ce. Za a yi jana'iza bayan azahar a gidanta.