Littafin Jiragen Ƙanena

Lokacin yaƙin basasa ina koyarwa a wata firamare a Dawaki. Ƙanena kuwa makaniki ne a sojan sama, yana gyaran jiragen Rasha waɗanda Misirawa ke tuƙawa. Tun yana yaro yake son jirgi. Da zai koma bakin aiki ya bar mana wani littafin Turanci mai kauri, cike da hotunan jiragen yaƙin Rasha da na Larabawa.

Wata Laraba da hantsi rediyo ta ce wani jirgin soja ya faɗi. Ba a faɗi irinsa ba, balle sunan waɗanda ke ciki. Ina dawowa daga makaranta na tarar da Inna zaune a tabarma, littafin a cinyarta. Ba ta iya boko ba, hotunan take bi da yatsa.

"Ke da kika yi karatu, wanne ne nasa?"

"Inna, shi a ƙasa yake aiki, ba ya hawa."

Ta buɗe wani shafi inda ƙanena ya zagaye wani jirgi mai inji biyu da jan biro. "To wannan fa?"

Na karanta bayanin a zuci: mutum uku yake ɗauka. Ke nan ba matuƙi kaɗai ke hawa ba. Na ce mata rubutun ya yi ƙanƙanta.

Mako uku muka yi abinci ba ya mana daɗi, sannan wasiƙarsa ta iso. Lafiyarsa lau. Bai ma ambaci jirgin ba, kilishi kawai ya roƙa a aika masa.