Waken Saude a gonar Abarshi

Duk Alela babu wanda ya kai Abarshi son taki. Tun yana saurayi, in jaki ya yi kashi a hanya sai ya tsaya ya kwashe. Kowane rani shi ke fara kai wa Fulani damin hatsi don shanunsu su kwana a gonarsa. Mu maƙwabtansa muna yi masa dariya, amma geronsa kullum ya fi namu.

Shekarar da aka rufe iyakar Najeriya, yayarsa Saude ta shiga uku. Mijinta ya rasu, da daddawar waken suya take ciyar da marayunta, waken kuma daga can ake kawo shi. Da ya rage mata tiya guda, sai ta ƙi dafawa, ta kai wa ƙanenta.

"Abarshi, wanga shi ne abincin ɗiyana. Ka shibka mini shi."

Bai taɓa noma irin waken nan ba, sai ya yi masa gatan da ya sani. Ya shuka shi a makwancin shanu, ya bi shi da farin takin zamani da ya samo a Konni. Ɗan waken da ya rage a gindin ƙwarya, matarsa A'i ta binne a bayan shinge, inda take zubar da toka.

Wake ya tashi har ƙugu, kore shar. Abarshi bai bar kowa ya huta ba, sai ya ja ka ka je ka gani. Na A'i kuwa gajere ne, ko kallonsa ba ya yi.

Da ruwa ya ɗauke, Saude ta zo da buhunta. Ta buɗa ganye, ta ƙara buɗawa. Kwasfa jefi-jefi, wadda ta matsa sai iska.

"Ina ɗiyan waken, Abarshi? Ganye zan dahwa ma yara?"

Abarshi ya durƙusa shi ma yana buɗa ganyen. Wallahi ya ba ni tausayi.

Sai A'i ta ce, "Yaya, taho ki ga wani abu."

A bayan shinge, gajeren waken nan ya yi jingim da kwasfa tun daga gindi, ƙwayarsa kuma ɓul-ɓul. Da aka sussuke shi, ya cika tiyar har ya zuba. Saude ta zauna a ƙasa tana dariya tana share hawaye, iri ya tsira. Abarshi ya buɗe mata rumbunsa, geronsa suka ci har wata damina.

Daga nan muka sami sabon abin dariya: Abarshi gida-gida yana roƙon toka. Har ya tsufa bai sake nuna wa waken suya makwancin shanu ba. Kaka ta gaba Saude ta kai buhu cike gida. Ta kai wa A'i daddawar farko, Abarshi kuma ta aika masa da ganyen, wai ya ba jakinsa.