Hannun Gero a Shukar Wake

Shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta muka koma ɗebo ruwa a amalanke, a shekarar na shiga makarantar manya a Dungas, gemuna har ya fara furfura. Mushen da ke koya mana ya ce kowa ya riƙa bitar haruffa a ransa duk inda yake. Na ɗauki maganar da gaske.

Damina ta faɗi, gero ya tsiro. Ƙanwata da ke aure a Yekuwa ta aiko mini da irin wake mai saurin nuna, tiya biyu, ta ce babu ƙari, sauran sun shuka. Na auna da ido, zai ishi gonar in na sa ƙwaya uku-uku.

Da safe na sare ramuka da sungumi tsakanin gero, na ɗauki ƙwarya na fara. Layin farko ina ƙirgawa: uku, in rufe da diddige, uku. Da na ga abin ya zauna, sai na saki hannu na koma kan haruffa. Ina tafiya ina zana su a raina, wannan cikinsa gaba, wancan cikinsa baya. Daɗi nake ji ƙwarai.

Da hantsi maiɗakina ta kawo fura. Ta leƙa ƙwarya ta ga saura kaɗan, ta tona rami ɗaya da yatsa. Ƙwaya tara.

"Malam, wake kake shukawa ko gero?"

Shekara talatin hannun nan yana ɗibar gero da yatsu uku, ba ƙirge. Da na bar shi ba mai tsaro, sai ya koma aikin da ya sani. Ta ce karatu ya shiga kai ya kori wake. Muka yi dariya, muka duƙa muna tonowa, muka tsamo abin da ya samu kafin rana ta kore mu.

Tun ranar na raba aikina. Noma, jan guga, bin amalanke, jiki ya san su, a nan nake bitar karatu. Aikin da ya yi kama da wani kuwa, a fili nake ƙirgawa, ko za a yi mini dariya. Yanzu ina karanta takardar maganin tumakina da kaina.

Waken ya yi kyau inda ya samu shiga. Abin da ya tafi: kusan rabin tiya na iri, layi goma sha huɗu da suka zauna ba wake, da safiya guda.