Kujerar Baffa

Har yau idan warin hatsin da ya sha ruwa ya bugi hancina, sai mangazar garinmu, wato ɗakin ajiyar hatsi, ta faɗo mini a rai. Ƙauye ne a ƙasar Bande, kuma a mangazar nan ake ajiye hatsin ƙungiyar manoma saboda tsakiyar damina, lokacin da rumbuna ke ƙarewa.

Baffa, yayan babanmu, shi ne shugaban mangazar. Babanmu kuwa mataimakinsa. Baffa yana da kujera mai hannu a ƙarƙashin dalbejiya, da damin makullai a aljihu. Babanmu shi ke jera buhuna, shi ke korar ɓera. Kowa ya zo wucewa sai ya rusuna wa mai kujera. In an kawo yabo, Baffa ya gyara hula. In an kawo kuka, ya ce, "Ba daga ni ba ne, daga sama ne."

Ba zan ɓoye maka ba, gidanmu kishi muke. Babanmu yakan dawo da ƙaiƙayi a wuya, ya ce wa innarmu shi da kujerar nan sai kallo. Ni ma haushin 'ya'yan Baffa nake ji, don har tafiyarsu daban take.

Wata damina kwanon rufin ya yi yoyo. Babanmu ya faɗa, Baffa ya ce a jira magana daga sama. Buhunan kusurwa suka jiƙe, hatsi ya fara tsiro a ciki.

Ran nan da hantsi Baffa ya aiko a kira babanmu. Na bi shi. Muka tarar da shi kwance, riƙe da ƙugu, yana nishi.

"Ƙanena, baya ya kama ni. Ungo makullai. Yau kai ne shugaba."

"Har kujerar, Yaya?"

"Har ita."

Babanmu ya koma gida ya sa rigarsa ta Salla. Ya zauna, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ni ina gefe ina hura hanci. Bai gama ɗumama wurin ba sai ga mota daga Magariya da masu binciken mangazu. Ashe Baffa ya ji labarin zuwansu.

"Wa ke da alhakin wurin nan?"

Babanmu ya dubi makullan da ke hannunsa. A gaban jama'a aka wanke shi tas, aka kuma sallame shi daga aikin. Da la'asar aka ga Baffa a kasuwa yana cin tsire, baya garau.

Sun daɗe ba sa ga maciji. Da aka shirya su, innarmu ta tambayi babanmu ko ya huce. Ya ce, "Na huce. Amma kujerar nan akwai daɗin zama."

Yanzu ina aiki a wani biro, wato ofis, a Dungas. Shugabanmu ba ya ciwon baya, wayarsa ce ke mutuwa duk ranar da rigima ta taso. Na san komai, amma duk da haka in ya fita nakan tsaya ina kallon wurin zamansa.