Saƙon da Ya Fita da Sunana

A ranin da na karye a hannun dama, ni ne magatakardan ƙungiyar manoman rani ta ƙauyenmu, masu shan ruwan madatsar Watari. An ba ni aikin ne don ina koyarwa a firamare, ana ganin alƙalami ba zai yi mini nauyi ba. Duk mako nakan rubuta sanarwar rabon ruwa, wane layi zai sha ran Asabar, wane ran Lahadi, in tura a guruf ɗinmu na waya. Wanda bai yi boko ba, 'ya'yansa su karanta masa.

Babur ne ya kayar da ni a hanyar Bici. Maɗori ya ɗaure hannun da karare, ya ce kada in motsa shi sai bayan kwana arba'in. Rubutu da hagu ya gagare ni, layi ɗaya sai in yi ta fama har kaina ya yi ciwo. Wani abokin aikina a makaranta ne ya nuna mini ɗan hoton makirfo a gefen haruffan waya, ya ce in taɓa shi in yi magana, ita za ta rubuta.

Tana rubutawa kam, sai dai jinta irin na mai ciwon kunne ne. Saƙon farko da na aika wa ƙanwata na ce ƙashina ne ya karye, wayar ta miƙe wa harafin farko lanƙwasarsa, ƙanwata ta kira ni tana dariya har da tari. In na yi sauri kuma takan haɗiye "ba" ta ƙarshen magana, a'a ta koma kamar i. Don haka na saba da karanta komai sau biyu kafin in tura. Na taɓa tambayar abokin nawa inda muryar take zuwa. Ya ce yana jin wasu na'urori ne a wata ƙasa suke saurara su mayar da ita rubutu, amma bai tabbata ba. Ban damu ba, rabon ruwa ai ba sirri ba ne.

A cikin kwanakin nan ne aka wayi gari ruwa ya shanye irin albasar wani maƙwabcinmu. Wani ya buɗe ƙofar ruwan layinsu ranar da ba tasu ba, ya tafi ya bar ta. Irin da mutumin ya yi mako biyar yana raino, saura kaɗan a yi dashe, duk ya kwanta cikin laka ya ruɓe. Mutum ne mai zuciya, ya rantse a bainar jama'a cewa in ya gano wanda ya yi, sai sun tsaya gaban alƙali. Ƙauye ya ɗauki zafi, kowa yana kallon na kusa da shi a kaikaice.

Ran Laraba bayan la'asar ina zaune a zaure ina karanta wa waya sanarwar mako, sai kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi sallama. Dattijo ne da ya haura saba'in, amma har lokacin shi yake ban ruwan gonarsa da kansa. Na kife wayar a kan tabarma na miƙe na karɓe shi. Ban tuna na kashe makirfon ba.

Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya matso kusa, ya yi ƙasa da murya, ya ce shi ya buɗe ƙofar ruwan. Ya ɗauka ta layinsa ce, da ya ga ruwa bai iso gonarsa ba ya zaci madatsa ce ta rage, ya koma gida. Sannan ya faɗa mini abin da ya ce ko matarsa ba ta sani ba: idonsa na dama ya daina gani tun damina, na hagun ma hazo-hazo yake. Yana ɓoyewa ne don in 'ya'yansa suka ji za su raba shi da gona. Ya ce yana so in raka shi wurin liman ran Juma'a bayan an sauko, a kira mai albasa a yi maganar cikin rufin asiri. Kafin nan kada kowa ya ji. Na yi masa alkawari, na raka shi har bakin hanya.

Da na dawo na ɗaga wayar, sai na ga rubutu ya cika wurin saƙo. Na kai yatsan hagu da sauri don in goge, sai ya sauka a kan alamar turawa.

Har yau ina iya karanto abin da ya fita. "Layin gabas zai sha ran Asabar layin yamma salamu alaikum ni na buɗe ƙofar ruwan na bar ta kada kowa ya ji sai Juma'a ido dama ya daina gani tun damina yara za su raba." Babu aya, babu waƙafi, babu abin da zai nuna bakin mutum biyu ne. A samansa kuma sunana.

Na danna gogewa, sabis ya tsaya yana juyi. Na fita tsakar gida ina ɗaga wayar sama. Kafin saƙon ya ɓace, mutum bakwai sun riga sun buɗe shi, ɗaya kuma ya ɗauki hotonsa, kamar yadda na ji daga baya.

Ba a kira magariba ba mai albasa ya iso ƙofar gidana. Bai amsa tayin shiga zaure ba. Na ce masa kuskure ne, ba ni na rubuta ba, waya ce ta rubuta.

"Malam, ita wayar ce ta buɗe ƙofar ruwan?" in ji shi.

Na ce ba ni na buɗe ba.

"To wa ya faɗa ta rubuta?"

Ya dubi hannuna da ke rataye a wuya, ya daɗe yana dubansa. Ya ce ko dai na murɗa ƙarfen ƙofar ruwan da hagu, ko kuma na san wanda ya murɗa ina rufa masa, kuma duk biyun ɗaya ne a wurinsa. Ya ba ni zuwa gobe da azahar, in ban faɗa ba zai kai hoton saƙon wurin dagaci.

A masallaci da magariba ba wanda ya ce mini uffan, amma sahun da na tsaya sai da aka bar ɗan fili tsakanina da na kusa da ni. Mai ɗakina ta tambaye ni abin da ke faruwa sau biyu, na ce ta yi haƙuri. Abin da ya fi damuna ba zargin ba ne. Maganar idon ce. Ni kowa ya san idona garau, kuma dattawan da ke da gona a wannan ɓangaren ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Babban ɗan kawu, wanda ke aiki a birni, yana cikin guruf ɗin.

Da sassafe na tafi gidan kawu. Ba shi da babbar waya, bai san komai ba. Na same shi yana karin kumallo da koko, na durƙusa na faɗa masa duk yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya ajiye ludayin. Ya sa na karanta masa saƙon daga ka, na karanta. Da na zo wurin ido ya ce in maimaita.

"To ita muryar tawa yanzu tana ina?" ya tambaye ni.

Na ce na goge rubutun.

"Ban tambaye ka rubutu ba."

Na ce wallahi ban sani ba, Kawu. Ya ce ya zo wurina ne don ya ga ni kaɗai ne a zaure, ashe mu uku ne, na ukun kuma ban ma san ko waye ba. Bai ɗaga murya ba, da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Ya shiga ɗaki ya sako babbar riga, ya ce ba sauran jiran Juma'a, tunda har an fara matsawa daga kusa da ni a sahu. Muka kama hanya. A nan na lura da yadda yake tafiya, yana bin jikin katanga, yana taɓa ta da yatsu kamar mai wasa. Wata nawa ina ganinsa yana haka ban kawo komai a raina ba.

Mun tarar da mai albasa yana ɗaura buhu a babur. Kawu ya faɗa masa a tsaye, a ƙofar gida, gaban mutum uku da ke wucewa suka tsaya. Ya faɗi har da maganar idon. Mai albasa ya yi ta huci, ya ce mako biyar ba kwana biyar ba ne, ya ce da wani ne da ba a yi haka ba. Kawu ya ce irinsa yana nan bai dasa ba, ya je ya kwashe duka. Mutumin ya ce rabi zai ɗauka. Ni bai kalle ni ba, kuma mun fi wata biyu gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu.

Abin da kawu yake tsoro shi ya faru. Kafin Asabar babban ɗansa ya iso daga birni, aka zauna, aka ba wani ƙaramin ɗan kawu gonar ya riƙa kula da ita. An kai kawu asibitin ido a Kano aka cire masa yana, na hagun ya buɗe sosai, na daman bai dawo ba. Mahaifiyata ta ce alheri ne ya zo ta hanyar da ba a so. Shi kawu bai taɓa faɗin haka ba.

Na sauka daga magatakarda a ƙarshen wannan ranin, na ce aikin makaranta ya yi mini yawa. Ran da maɗori ya kwance mini karare, na biya ta gonar kawu a kan hanyata ta komawa. Na same shi zaune a kan kunya, ɗansa yana ban ruwa, shi kuma yana gaya masa fangalin da zai fara da shi. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi hannu. Na zauna kusa da shi har ruwan ya kai fangali na ƙarshe.